Tambaya ga masu aikin fassara: a bar karin maganar Sinanci da kamanninta, ko a nemo takwararta a Ingilishi?

Ɗalibar Wuhan ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamai da sauran 'yan'uwa da ke wannan zaure. Ni ɗaliba ce mai karatun Sinanci, kuma a wannan zangon an fara ba mu aikin fassara daga Sinanci zuwa Ingilishi, wanda yawancinsa rahotannin kamfanoni ne da jawaban shugabanni da guntayen labaran jarida. Kalmomin fasaha ba su cika ɗaure mini kai ba, domin ƙamus yana wadatarwa a kansu. Inda nake cijewa shi ne wurin abin da Sinawa suke kira chengyu, wato gajerun karin maganar nan waɗanda akasarinsu haruffa huɗu ne kacal, amma kowanne yana tafe da labari a bayansa.

Ga misali guda domin a gane inda matsalar take. A cikin wani rahoto, manajan wata masana'anta ya rubuta cewa ƙara wani zagayen bincike a kan kayan da aka riga aka tantance zai zama "hua she tian zu", wanda idan aka bi shi baƙi da baƙi yake nufin a zana maciji a ƙara masa ƙafafu. Ƙamus ya ba ni "gild the lily", wato a shafa wa fure ruwan zinari, a matsayin takwararsa. Ɗaya daga cikin malamanmu ya ce in ɗauki wannan in wuce, tunda mai karanta Ingilishi ya riga ya san shi. Wata malama kuma ta ce yin haka tauye haƙƙin marubucin ne, domin shi maciji ya ambata, bai ambaci fure ba, don haka in bar macijin da ƙafafunsa. Dukansu biyu sun fi ni sani nesa ba kusa ba, kuma kowannensu yana da hujjarsa.

Tambayata ta farko ita ce, shin akwai wata ƙa'ida da masu wannan sana'a suke bi wajen zaɓa tsakanin hanyoyin nan biyu, ko kuwa kowa yana bin abin da ya kwanta masa a rai ne? Ta biyu kuma ta shafi kalmomi irin su "guanxi" da "mianzi", waɗanda nake gani wasu suna barinsu yadda suke a tsakiyar rubutun Ingilishi, wasu kuma suna mayar da su "connections" da "face". Wanne ne ya fi dacewa ga wanda yake so a ɗauki aikinsa da daraja? Allah ya saka da alheri ga duk wanda ya taimaka.

Malam Tafinta ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ba da sa'ar karatu. Babu ƙa'ida guda da za ta raba miki wannan gardama har abada, amma akwai tambayar da ya kamata ki riƙa yi wa kanki kafin ki taɓa ƙamus: idan Basine ya karanta wannan magana a yau, har yanzu yana ganin hoton da ke cikinta, ko kuwa yawan amfani ya riga ya goge shi?

Ki duba kalmar "maodun". Harafinta na farko mashi ne, na biyu kuma garkuwa, kuma asalinta labari ne a littafin masanin falsafa Han Feizi, wanda ya rasu a shekara ta 233 kafin haihuwar Annabi Isa. Wani mutum ne yake tallar makamai, yana cewa mashinsa babu abin da ba ya hudawa, garkuwarsa kuma babu abin da yake huda ta, sai wani ya tambaye shi abin da zai faru idan aka soki garkuwar da mashin, ya rasa ta cewa. Labarin yana da daɗi, amma a yau "maodun" kalma ce ta yau da kullum mai nufin saɓani ko magana mai karo da juna, kuma ɗan jaridar da ya rubuta ta bai tuna da wani mashi ba. Haka "dongxi", wadda haruffanta gabas da yamma ne amma ma'anarta kaya ko abu, da "mamahuhu", doki doki damisa damisa, wadda ake nufin aikin ganganci ko abin da ba yabo ba fallasa. Wanda ya fito da doki da damisa a cikin Ingilishi ya mayar da marubuci mai hankali ɗan wasan barkwanci, kuma ba za a kira wannan riƙon amana ba.

Macijinki kuwa yana nan da ransa, domin yaran Sinawa suna koyon labarinsa tun a makarantar firamare. Ya fito ne daga tarin labaran zamanin dauloli masu yaƙi da juna, wanda Liu Xiang ya tsara a zamanin daular Han. A ƙasar Chu aka ba wasu barori tulun giya guda wanda ba zai ishe su duka ba, sai suka yi yarjejeniya kowa ya zana maciji a ƙasa, wanda ya riga gamawa shi ne mai tulun. Ɗaya ya gama tun da wuri, ya ɗauki tulun a hannun hagu, ya ce ai har ƙafafu yana da lokacin yi masa, ya ci gaba da zane da hannun dama. Kafin ya gama sai na biyu ya kammala nasa, ya fizge tulun, ya ce maciji ba shi da ƙafa, abin da ka zana ba maciji ba ne. Ki lura da cewa mutumin nan bai tsaya ga yin aikin banza ba, ya yi asarar abin da ya riga ya shiga hannunsa. "Gild the lily" kuwa magana ce a kan ƙara wa abu mai kyau ado, kuma manajanki ba cewa yake yi kayansa kyawawa ne ba, gargaɗi yake yi cewa ƙarin zai iya jawo hasara. Saboda haka a rahoton kamfani, inda mai karatu yake neman hukunci cikin sauri, ni zan rubuta a fili cewa ƙarin binciken ba shi da amfani kuma zai iya cutarwa. Da a ce jawabi ne da zai yi a gaban taro, da na bar macijin, domin babu ɗan Adam a duniya da yake buƙatar a yi masa bayanin cewa maciji ba ya tafiya da ƙafa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a aikin ɗalibai shi ne takwarar da ta yi kama da juna a fuska amma ta saɓa a ciki. "Shi yan" a zahiri cin magana ne, kuma Ingilishi yana da "eat one's words", sai ɗalibi ya yi murna ya haɗa su. Amma ta Sinanci saɓa alkawari take nufi, ta Ingilishi kuwa mutum ya amince da kunya cewa abin da ya faɗa kuskure ne. "Guo he chai qiao", a ƙetare kogi a rushe gada, zargin butulci ne ga wanda ya yi watsi da mai taimakonsa bayan buƙatarsa ta biya, ba ta da haɗi da "burn one's bridges" sai dai gadar. Idan ana neman wadda ta kusanci yanke wa kai hanyar komawa, ita ce "po fu chen zhou", a fasa tukwane a nutsar da jirage, abin da jagoran yaƙi Xiang Yu ya umarci sojojinsa su yi kafin yaƙin Julu a shekara ta 207 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ita yabo ce ga mai ƙudurin da ba ya ja da baya.

Akwai kuma takwarar da ma'anarta ta yi daidai amma ta shigo da kayan da ba na mai magana ba. "Dui niu tan qin" kaɗa wa saniya qin ne, wani abin kiɗa mai tsirkiya bakwai, kuma ƙamusai da dama suna ba da "cast pearls before swine", wato a zuba wa aladu lu'ulu'u. Wannan magana daga Linjila take, kuma ta mayar da mai sauraro alade, alhali a Sinanci sau da yawa makaɗin ne ake yi wa dariya saboda bai san wanda yake yi wa kiɗa ba. Haka idan ana maganar mutum sai ga shi ya shigo, Sinawa sukan ce an ambaci Cao Cao sai ga Cao Cao, wato shahararren jagoran yaƙin nan da ya rasu a shekara ta 220 bayan haihuwar Annabi Isa. Bature zai ce "speak of the devil", wanda ya wadatar a hira, amma ya shigo da Shaiɗan inda babu shi. Namu na "ɗan halak ka ƙi ambato" ya fi kusa da ruhin maganar, sai dai ba Hausa aka ce ki fassara ba.

Gardamar malamanki tsohuwa ce, kuma manyan masu fassara sun rabu a kanta. Shahararren littafin labarin nan na Sin, Hongloumeng, an fassara shi zuwa Ingilishi cikakke sau biyu kusan a lokaci guda, David Hawkes da John Minford a Ingila daga 1973 zuwa 1986, Yang Xianyi da matarsa Gladys Yang kuma a Beijing daga 1978 zuwa 1980. Inda littafin ya ce ko macen da ta fi kowa iya girki ba za ta iya yin girki babu shinkafa ba, su Yang sun bar shinkafar, Hawkes kuwa ya mayar da ita burodi da fulawa. Na Hawkes ya fi santsi a bakin Bature, amma ya ciyar da gidan attajiran Sin na ƙarni na 18 abincin da ba nasu ba. Ni dai a adabi ina bayan su Yang a wannan wuri.

Hujjata mafi ƙarfi a kan barin hoto ita ce "paper tiger". A watan Agusta na 1946, a garin Yan'an, jagoran 'yan kwaminis na Sin Mao Zedong ya gaya wa 'yar jaridar Amurka Anna Louise Strong cewa abokan gabansa "zhi laohu" ne, damisar takarda. Tafintan ya fara ba da kalmar Ingilishi ta mutum-mutumin da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye, Mao ya nemi a yi masa bayaninta, ya ce ba haka yake nufi ba, ya nace a kan damisar takarda. Yau wannan magana ta zauna daram a Ingilishi har ba a jin baƙuwa ce. Idan kuma suna ne ya tare hanya, kamar a "ban men nong fu", wasa da gatari a ƙofar Lu Ban, kalmomi biyu ko uku sun isa: ki ce a ƙofar Lu Ban gwanin kafintoci, ki wuce, ba sai kin buɗe bayanin ƙasan shafi ba.

Alhajin Xiaobei ya rubuta:

Malam, Allah ya ƙara basira, mun ƙaru. Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne mai sayen kaya tsakanin Guangzhou da Yiwu, kuma abin da nake so in ja hankalin ƙanwata a kai shi ne, a takardun da muke biyan kuɗi a fassara mana ba karin magana ne yake cinye dukiyar mutane ba. Kalmomin da ake rainawa ne, waɗanda mai fassara yake ganin ya san su har ba ya tsayawa ya duba.

Babbar cikinsu ita ce "dingjin", abin da muke kira kafin alƙalami. Kalmomi biyu ne a Sinanci masu lafazi iri ɗaya sak, 定金 da 订金, bambancinsu yana harafin farko ne kawai, kuma duka biyun ana mayar da su "deposit" a Ingilishi. Amma a dokar ƙasar Sin ta farar hula, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2021, ta farkon jingina ce mai hukunci: idan mai saye ya fasa, kuɗinsa sun tafi, idan kuma mai sayarwa ne ya saɓa, zai mayar da ninki biyu, kuma dokar ba ta yarda wannan kuɗi ya wuce kashi 20 cikin 100 na darajar cinikin ba. Ta biyun kuwa somin biya ce kawai, wadda a bisa al'ada ake mayarwa idan ciniki ya wargaje, babu ninki babu tara. Na ga wani ɗan'uwanmu yana riƙe da takardar Ingilishi yana rantsuwa cewa masana'anta za ta biya shi ninki biyu saboda ta kasa kawo atamfofinsa a kan lokaci, da aka buɗe ta Sinancin sai aka tarar harafi na biyu ne a ciki. Mai fassarar bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi abin da ake buƙata ba. Wanda ya san aikinsa zai rubuta irin kafin alƙalamin da ake nufi, ya kuma kwafe harafin Sinancin a gefe.

Sai lissafi. Sinawa ba su ƙirga da dubu-dubu kamar Turawa, suna ƙirga da "wan" ne, wato 10,000, da "yi", wato miliyan 100. Idan aka ce 30 wan, ana nufin 300,000, kuma sifili guda da ya zame a nan ya isa ya rusa mutum. Idan ka ga an rubuta 8 zhe a kan kaya, ba ragin kashi 8 ba ne, ba kuma na kashi 80 ba, ana nufin ka biya kashi 80 na farashin, wato an rage maka 20. "Jin" rabin kilo ne a babban yankin ƙasar, amma a Taiwan giram 600 ne, "gongjin" kuwa shi ne cikakken kilo.

Akwai wata kuma da ba ta cikin ƙamus. Idan ka kai tayi, mai masana'anta ya ce "kaolü yixia", zai ɗan yi tunani, ko ya ce abin "bu fangbian", bai zo da sauƙi ba, yawancin lokaci ya riga ya ƙi ne, yana dai gudun ya kunyata ka a gaban yaransa. Tafinta nagari yana fassara kalmomin yadda suke, sannan idan an fito ya gaya maka a gefe cewa kada ka zauna jira.

Uwar Labarai ta rubuta:

Ina neman afuwar Malam Tafinta, domin zan ɗan saɓa masa a wuri guda. Na yarda da shi a adabi, amma ɗalibarmu ta ce har jawaban shugabanni ake ba ta, kuma a siyasa barin hoto yakan zama ƙari a kan abin da aka faɗa, ko da kuwa kowace kalma an fassara ta daidai.

Ranar 1 ga Yuli, 2021, a bikin cikar jam'iyyar kwaminis ta Sin shekara 100, Xi Jinping ya ce duk wanda ya nemi zaluntar ƙasarsa zai yi "tou po xue liu" a jikin babbar ganuwar ƙarfe da mutane fiye da biliyan 1.4 suka gina. Baƙi da baƙi, kai ya fashe jini ya kwarara ke nan, kuma haka jaridun Yamma da yawa suka buga shi a kanun labarai. Fassarar da gwamnatin Sin ta fitar kuwa cewa ta yi masu wannan niyya za su yi karo da ganuwar, babu kai babu jini. A ganina dukansu biyu sun karkata. Chengyu ne da ake amfani da shi har a kan wanda ya sha kaye a kasuwanci ko a gasa, don haka Basine ba ya jin ƙarnin jini kamar yadda Bature ya ji da ya karanta kanun. Amma kuma ba maganar lallashi ba ce, kuma dandalin Tiananmen ya ɗauki sowa da aka faɗe ta. A irin wannan wuri mu 'yan jarida abin da ya fi mana aminci shi ne mu kawo lafazin, mu faɗi cewa sananniyar karin magana ce, mu kuma nuna yadda hukuma ta fassara ta.

Haka aka daɗe ana ja-in-ja a kan "taoguang yanghui", manufar harkokin waje da ake dangantawa da tsohon jagoran Sin Deng Xiaoping. Rahotannin ma'aikatar tsaron Amurka sun fassara ta da ɓoye ƙarfi da jiran lokaci, wanda duk mai karatu zai fahimta a matsayin shirin kwanton ɓauna. Jami'an Sin, ciki har da janar Xiong Guangkai, sun yi ƙorafin cewa abin da ake nufi shi ne ƙanƙan da kai da gudun nuna isa. Haruffan suna iya ɗaukar duka biyun, domin ma'anarsu ta zahiri rufe haske ce da zama cikin duhu, kuma duk wanda ya zaɓi ɗaya ya riga ya yanke hukunci a kan niyyar ƙasa guda.

Wannan ba sabon abu ba ne. Turawan Ingila sun dage cewa wani harafin "yi" da jami'an daular Qing ta Sin suke kiransu da shi yana nufin "barbarian", wato mara wayewa, har sai da suka sa aka rubuta a sashe na 51 na yarjejeniyar Tianjin ta 1858 cewa ba za a ƙara amfani da shi a kansu a takardun hukuma ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai fassarar da ta yi daɗin faɗi har ta fi gaskiya yaɗuwa. Tun da John Kennedy ya faɗa a Indianapolis a 1959 cewa kalmar Sinanci ta rikici, "weiji", ta ƙunshi haɗari da dama, masu laccar kasuwanci ba su daina maimaitawa ba, alhali masana irin su Victor Mair sun nuna cewa harafi na biyun a nan yana nufin gaɓar da al'amari yake juyawa ne. Tsinka kalma zuwa haruffanta a fassara kowanne daban hanya ce mai saurin kai mutum ga ƙirƙirar hikimar da Sinawa ba su san da ita ba.

Wani lokaci ma ƙwararru sukan sallama. A watan Disamba na 2008 shugaban Sin na lokacin, Hu Jintao, ya yi amfani da maganar kan titi, "bu zheteng", wadda take nufin a daina jigilar banza da tayar da ƙurar da ba ta haifar da komai sai wahala. Da aka ambace ta a wani taron manema labarai bayan 'yan kwanaki, tafintan hukuma bai fassara ba, ya maimaita lafazin Sinancin ne kawai a tsakiyar Ingilishinsa.

Ɗalibar Wuhan ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam, Alhaji da Hajiya, Allah ya bar zumunci. Maganar kafin alƙalami ta zo a kan gaɓa, domin akwai takardar ciniki a cikin aikin da ke gabanmu. Sai dai har yanzu tambayata ta biyu tana nan, wato ta "guanxi" da "mianzi". Ina kuma so in ƙara da sunayen dangi, domin a wani guntun labari da aka ba mu akwai mutum uku daban-daban waɗanda duk ƙamus ya ce "uncle" ne, kuma rigimar gadon da ke cikin labarin ba ta fahimtuwa idan ba a san wane ne wane ba.

Malam Tafinta ya rubuta:

Gyaran Hajiya ya karɓu, kuma ina ganin bai rushe tambayar da na ce a fara da ita ba, ya dai nuna cewa hoto yana iya zama rabinsa a raye rabinsa a mace, kuma nan ne aikin ya fi wuya.

Game da "guanxi", kalmar ta riga ta shiga manyan ƙamusan Ingilishi, don haka barinta ba laifi ba ne idan rubutun a kan al'adar kanta yake. Sanayya ce wadda ake ginawa da kyauta da ziyara da biyan buƙata, kuma kowace alfarma da aka yi wa mutum tana zama bashin da ake sa ran zai rama wata rana, abin da suke kira "renqing". "Connections" ta yi mata ƙaranci domin babu bashin a cikinta, kalmomin cin hanci kuma sun yi mata nauyi. Amma ki kiyaye, domin a mafi yawan jimlolin da za ki haɗu da ita kalma ce mai sauƙi da take nufin dangantaka. Huldar Sin da Najeriya "guanxi" ce, alaƙar shan taba da ciwon huhu ma "guanxi" ce, kuma "mei guanxi" ba komai ke nan. Wanda ya bar ta da Sinanci a waɗannan wurare yana sa wa mai karatu zargin wani ɓoyayyen al'amari inda babu shi.

"Face" kuwa daga Sinancin Ingilishi ya aro ta tun a ƙarni na 19, ta bakin Turawan da suka zauna a biranen gaɓar tekun Sin, saboda haka ba baƙuwa ba ce. Matsalarta ita ce ta haɗe kalmomi biyu da Sinanci ya raba, kamar yadda masaniya Hu Hsien-chin ta bayyana tun a 1944. "Mianzi" girma ne da ake samu ta muƙami da dukiya da yadda mutane suke karrama mutum, ana ba da shi, ana ƙara shi, ana iya rage shi. "Lian" kuwa mutunci ne, shaidar da jama'a suke yi wa mutum cewa yana da kunya da amana. Wanda ba a gayyata zuwa babban tebur ba ya rasa mianzi, wanda aka kama yana cin amanar marayu ya zubar da lian, kuma idan aka ce wa mutum "bu yao lian" an zage shi ne da rashin kunya, zagi mai zafi. Ke da kika tashi da bambancin girma da mutunci, kika kuma san abin da ake kira cin fuska, kin fi ɗalibin Landan kusa da wannan, don haka ki fara tantance ma'anar da Hausa a zuciyarki kafin ki nemi Ingilishinta.

Haka abin yake a sunayen dangi. "Jiujiu" kawu ne, ɗan'uwan uwa. "Gugu" gwaggo ce, "yi" kuma inna, 'yar'uwar uwa. "Gege" da "didi" wa da ƙane ne, "jiejie" da "meimei" kuma ya da ƙanwa. Inda suka zarce mu shi ne sun raba baffa gida biyu, "bobo" ga wan uba, "shushu" ga ƙanensa, sun kuma raba kakanni, inda na wajen uwa suke ɗauke da harafin "wai" mai nufin waje, domin a tsohon tsarinsu ba a lissafa su cikin gidan. A labarin gado wannan shi ne ƙashin bayan rigimar, tunda bobo da shushu suna cikin zuriyar da take da haƙƙi a gidan, jiujiu kuwa daga wani gida yake, ko da yake a al'adance akan kira shi ya yi sulhu idan 'ya'yan 'yar'uwarsa za su raba dukiya. Ki bayyana kowannensu sau ɗaya a farkon fitowarsa, ki ce wan mahaifinsa ko ƙanen mahaifiyarsa, daga nan ki ci gaba da sunansa ko da lambarsa, kamar "Second Uncle", wanda masu karanta fassarar adabin Sin sun saba gani. Ki kuma tabbatar mutum ukun nan duka dangi ne, domin yaro Basine yana kiran abokin babansa da direban bas da ɗan sanda "shushu", kamar yadda yake kiran maƙwabciya da mai aikin gida "ayi".